Mai Bincike Mai Zaman Kansa da Masu Karatunsa a Ƙasar Hausa, Daga Shekarun 1960

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna so mu bi tarihin wani baƙo da ya daɗe a hannun Hausawa masu karatun boko, wato jarumin nan da Faransawa ke kira détective privé. Shi mutum ne da ba ya cikin ƴan sanda, ba kuma alƙali ba, amma ana biyansa lada domin ya gano wanda ya yi kisa ko sata, sa'an nan yana dawowa littafi bayan littafi da suna ɗaya, da hali ɗaya, sau da yawa ma da hula ɗaya. Tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce: yaya aka yi masu karatu a ɓangarori biyu na iyakar Nijar da Nijeriya suka so wannan jarumi ƙwarai, amma adabin Hausa bai fitar da nasa ba wanda sunansa ya shiga bakin kowa, alhali kuwa Swahili da Yarbanci sun fitar da nasu?

Tambayar tana da nauyi ga sashenmu. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, matsala guda take ta maimaita kanta: yaro ko babba ya koyi karatu, ya rasa abin da zai karanta don jin daɗi, bayan ƴan shekaru karatun ya dushe. Littafin da ke sa mai karatu ya nemi na gaba da kansa, ba tare da malami ya tsaya a kansa ba, shi ne irin wanda ya fi ƙaranci a Hausar Nijar. Saboda haka ra'ayin waɗanda suka yi shekaru suna bin jarumi ɗaya abin saurare ne.

Mun dogara ga abin da manazarta suka rubuta, musamman Graham Furniss a 1996 da Matthias Krings a 2010 da 2015, da kuma hirarrakin da muka sha yi da tsofaffin masu karatu a Adar, tsakanin Ibohamane da Keita da Buza da Madawa: malaman lakwal, da ma'aikatan asibiti, da ƴan cin rani da suka dawo gida.

2. Jarumin da ya fi ƙarfin mai shi

Sana'ar ta riga adabin. Vidocq, tsohon ɗan kaso wanda ya zama shugaban ƴan sandan ciki na Paris, ya buɗe ofishin bincike na kansa a 1833. Pinkerton ya buɗe nasa a Chicago wajen 1850. Edgar Poe ya fito da Dupin a 1841, Conan Doyle kuma ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da ya faru a 1893, sa'ad da Doyle ya gaji da jaruminsa ya jefa shi cikin ruwan Reichenbach. Masu karatu ba su yarda ba. Sun matsa wa marubucin da mujallar Strand lamba, har ya sake rubuta labarin Holmes a 1901, ya kuma dawo da shi da rai a 1903. Agatha Christie ta riƙe Hercule Poirot daga 1920 zuwa 1975, kuma da ta kashe shi jaridar New York Times ta buga labarin mutuwarsa a shafin farko, kamar dai wani babban mutum ne ya rasu.

Ke nan tun farko jarumin jerin littattafai mallakar masu karatu ne fiye da mai rubuta shi. Suna ƙorafin cewa ba ya canzawa, in kuma ya canza su ce an ci amanarsu. Za mu sake gamuwa da wannan saɓani a Keita.

3. Lance Spearman a arewacin Nijeriya

Mai bincike na farko baƙar fata da ɗimbin ƴan makarantar Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato suka sani shi ne Lance Spearman, wanda ake yi wa laƙabi da Spear. Yana fitowa ne a mujallar African Film ta kamfanin Drum, daga 1968 zuwa 1972, kuma an buga fiye da fitowa 150. Labari ne cikin hotuna na mutane na gaske, ana rubuta maganar kowa kusa da bakinsa, tamkar sinima a kan takarda. Ɗan jaridar Amurka Stanley Meisler, wanda ya yi rubutu a kan waɗannan mujallu a 1969, ya kawo adadin kwafi 100,000 a Afirka ta Yamma, 45,000 a ta Gabas, 20,000 a ta Kudu. In aka tuna cewa kowane kwafi yana zagaya aji guda kafin ya yage, za a ga yawan idanun da suka bi ta kansa.

Siffar Spear ba ta canzawa: malafa, kwat, ƙaramin ɗaurin wuya, sigari a baki, wiski a hannu, mota mai gudu. Yana da abokin aiki cikin ƴan sanda, Kyaftin Victor, da mace mai iya karate, Sonia, da yaro, Lemmy, sai kuma babban abokin gaba mai suna Rabon Zollo, wanda ake kayarwa yau ya dawo gobe. Mutumin da ya fito a matsayin Spear, Mkwanazi, ɗan Afirka ta Kudu ne wanda ya taɓa yin aikin boyi a Durban yana kuma kaɗa piyano a gidan rawa.

Krings ya nuna yadda kamfanin ya yi ta ɓoye asalin mujallar. A kudancin Afirka ake tsara labarin a ɗauki hotunan, a bi da su ta Landan, sa'an nan rassan Drum su buga a Legas da Nairobi. Ƙasashen da suka sami ƴancin kai sun ƙaurace wa kayan gwamnatin wariyar launin fata, ita kuma wannan gwamnati ba ta barin a taɓa siyasa. Sakamakon haka aka sami birni marar suna, jarumi marar ƙabila, marar addinin da ake gani, marar uwa da uba. Mai karatu a Nairobi yana iya ɗauka garinsu ne, na Legas ma haka. A namu ganin wannan rashin asali, wanda dabara ce ta kasuwa kawai, ya sami wata ma'ana ta dabam a Nijeriya, domin shekarun fitowar mujallar sun haɗu da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da tambayar "kai ɗan ina ne?" take iya zama tambayar rai da mutuwa. Spear shi kaɗai ne ba a yi wa wannan tambaya ba.

Abin da tsofaffin masu karatunsa suka fi ambata, kamar yadda Tunde Giwa ya rubuta a 2008 a kan ƙuruciyarsa, shi ne ganin jarumi mai launinsu a gurbin da suka saba ganin Bature. Kafin Spear, baƙar fata a littattafan hotuna irin na Tarzan ɗan dako ne ko mai gudu yana ihu. Sai ga wani sanye da kwat, shi ke tambaya, shi ke ba da umurni, shi ke yin nasara. Ba a cika tuna Spear da kaifin basira ba, gaskiya kuwa naushi ya fi yawa a labaransa bisa ga tunani. An tuna shi ne da ado da isa.

Hoton ya kuma tsallake iyaka inda Ingilishin bai tsallake ba. Wasu dattawan Madawa da Ƙwanni da muka yi hira da su sun san fuskar Spear ba tare da sun taɓa karanta kalma ɗaya daga bakinsa ba: fatake ne suke shigowa da mujallar daga Sakkwato, yara su bi hotunan su ƙaga nasu zancen da Hausa. Wato an yi Spear na Hausa, amma a baka aka yi shi, ya kuma tafi tare da waɗanda suka yi shi.

Bayan 1972 gurbin ya koma hannun James Hadley Chase, sa'an nan jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan daga 1977, inda wani ɗan Kano, Mohammed Sule, ya fitar da The Undesirable Element a wannan shekara.

4. Abin da aka karanta a Adar

A ɓangarenmu hanyar littafi dabam ce. Adar ƙasar cin rani ce, kuma Abijan na cikin manyan wuraren da Adarawa ke dosa. Littafin aljihu yakan zo Ibohamane cikin jakar ɗan cin rani, ko ta hannun mushen da aka turo daga Yamai, ko ɗalibin Lise Agabba ta Tawa da ya zo hutu, ko kuma, bayan 1984, ta hannun ma'aikatan aikin raya karkara na Keita wanda ƙasar Italiya ta ba da kuɗinsa. A birane ana sayensa wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da tasha, waɗanda sukan karɓi tsoho su ba ka wani in ka ɗora ƴan kuɗi. Faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin sabon littafin da aka shigo da shi daga Faransa, sai wannan musaya ta ƙara ƙarfi. Ba a cika samun jeri cikakke ba. Mutum zai karanta na 40, ya koma na 12, ya tsallaka na 63, kuma wannan ya yiwu ne don jarumin ba ya tsufa.

Masu karatu suna kiran waɗannan littattafai duka da suna ɗaya na Faransanci, policier, ba su damu da bambancin da manazarta ke yi tsakanin ɗan sanda da ɗan leƙen asiri da mai zaman kansa ba. Huɗu ne suka fi yawo. Akwai SAS na Gérard de Villiers, littafi 200 daga 1965 zuwa 2013, wanda jaruminsa Malko Linge yarima ne ɗan Ostiriya mai yi wa hukumar leƙen asirin Amurka aikin kwangila. Akwai San-Antonio na Frédéric Dard, wanda ya fara a 1949 ya kai littafi 175. Akwai Maigret na Simenon, littafi 75 tsakanin 1931 da 1972. Sai Chase, wanda aka fassara a jerin Série noire da Marcel Duhamel ya kafa a gidan Gallimard a 1945. Mai zaman kansa na ainihi, irin Nestor Burma na Léo Malet da ya fara a 1943, ko Vic Malloy na Chase ɗin, ko Poirot, yana cikin tarin, amma ba shi ne a gaba ba. Wannan kansa abin lura ne.

A kan SAS aka fi yin gardama. Kusan duk wanda muka tambaya yakan ce littattafan iri ɗaya ne, in ka karanta uku ka karanta duka, sa'an nan ya lissafa maka talatin da ya karanta. Bangon, mai hoton mace riƙe da bindiga, yakan sa a naɗe littafin da takardar buhun siminti kafin a shiga da shi gida. Yadda marubucin ke siffanta ƴan Afirka da raini bai ɓuya wa kowa ba, kuma malaman makaranta da suka taso cikin gwagwarmayar ƙungiyar ɗalibai sukan ce littafin ƴan mulkin mallaka ne. Amma sun karanta. Dalilin da suke bayarwa shi ne labari: kafin fitowar Haské a 1990, jaridar gwamnati ce kaɗai a ƙasar, kuma littafi kamar Putsch à Ouagadougou na 1984 yana ambaton juyin mulki da sojoji da ofisoshin jakadanci a fili, abin da ba a faɗa sai da raɗa. Ana karanta shi kamar jaridar da aka hana, ana tsallake wasu shafuna ko a ce an tsallake.

San-Antonio na ƴan gayu ne masu alfahari da Faransancinsu. Dard yana wasa da harshe, yana ƙirƙiro kalmomi, yana cusa zaurancen titunan Paris, har ɗalibin kwaleji yakan ajiye littafin a shafi na goma. Chase ya fi sauƙi, ko da yake tafiyar da ya yi kafin ya iso Keita abin mamaki ce ga mai nazarin harshe: Baturen Ingila ne da ya rubuta Amurka daga taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa, aka juya shi zuwa zaurancen Paris, ɗan Adar kuma ya karanta shi da fitilar ƙwai yana fassara wa abokansa da Adaranci. Abin da ake yabawa ga Chase shi ne mugu ba ya tsira, kuma kwaɗayinsa ne ke kashe shi. Wannan ya yi daidai da abin da mai sauraren tatsuniya ya saba ji game da Kura.

Maigret na manya ne. Tsofaffin ma'aikata sun fi son sa don yana da mata ɗaya da yake komawa wajenta, ba ya gaggawa, yana zama ya saurari mutane har su gaji su faɗi gaskiya. Fiye da mutum guda ya kwatanta mana shi da hakimin kirki. Haka nan taron da Poirot ke yi a ƙarshen littafi, inda yake tara kowa ya warware magana a gabansu, bai zama baƙon abu ba ga wanda ya taɓa zama a fada.

Akwai ƙorafi guda da ya shafi mai zaman kansa shi kaɗai, kuma mun ji shi sau da yawa: wa ya sa shi? Maigret gwamnati ce ta sa shi, Malko ma akwai masu aikensa. Amma mutum ya buɗe ofis, baƙo ya shigo ya ajiye kuɗi, shi kuma ya tashi ya shiga bin matar wani ko binciken dukiyar wani, wannan masu karatu da yawa sun karɓe shi a matsayin al'adar Turawa, kamar cin abinci da cokali mai yatsu, ba tare da sun ga mutuncin sana'ar ba.

5. Sunan da babu

In muka juya ga kalmomi za mu ga tushen wannan ƙorafi. Hausa tana da dogari, na sarki. Tana da ɗan doka, na hukumar gargajiya ta zamanin Ingilishi, wadda aka haɗe ƴan sandanta da na tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Tana da ɗan sanda, da ɗan sandan ciki ko na farin kaya, da si'aidi wanda aka aro daga haruffan Ingilishi. A Nijar muna da jandarma da gardi da komisar. Duk waɗannan na hukuma ne. A ɗaya gefen akwai ɗan rahoto, da magulmaci, da mai tsegumi, da munafuki, waɗanda duk zagi ne. Tsakanin rukunin biyu babu kalmar da ke nufin mai binciken da ba na hukuma ba kuma ba abin ƙyama ba. "Mai bincike mai zaman kansa" da muka sa a kan wannan maƙala ginin gidajen rediyo ne, yana bayani amma ba ya kama zuciya, ba kuma za a yi wa yaro laƙabi da shi ba yadda aka yi wa yara laƙabi da Spear.

Tarihi ya ƙara wa giɓin faɗi. Wanda ya zo ƙauye yana tambaye-tambaye a zamanin Faransawa, kafin a soke dokar indigénat da aikin tilas a 1946, haraji ko ƴan aiki yake nema. Bayan ƴancin kai aka sami ofishin da jama'a ke kira Coordination, wanda ya farauci ƴan Sawaba a shekarun 1960, ya kuma kai ƙarshen ƙarfinsa a mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, a hannun Amadou Oumarou Bonkano har zuwa yunƙurin juyin mulkin 1983. Waɗannan su ne ainihin shekarun da aka fi karanta policier a ƙasar. Mai karatu yana sha'awar mutum mai farin kaya da ke bin sawun mutane a Paris ko a Miami, amma ya san abin da irin wannan mutum yake nufi a Tawa.

Sa'an nan ga addini da tarbiyya. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin al'amuran mutane. Addu'ar da Bahaushe ya fi yawan yi wa kansa da ɗan'uwansa ita ce Allah ya rufa asiri, mai bincike kuwa tonon asiri ne abincinsa. Shari'a bisa mazhabar Malikiyya ta ɗora hujja a kan shaidu da iƙirari da rantsuwa, a gaban alƙali, a bainar jama'a.

Ba abin mamaki ba ne, saboda haka, da marubutan Hausa suka ɗauki laifi suka bar mai binciken. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne daga ɓangaren ɓarayin. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo yana bin ɗan ƙauye da birni ya lalata. Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta fito a 1982 da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fi kowane kusa da salon Chase, amma jaruminsa Mailoma shugaban ƴan ta'adda ne. Mai karatu ya san mai laifi tun shafin farko, abin da yake jira shi ne ranar da alhaki zai kama shi. Wasan talabijin da ya daɗe yana jan jama'a a kan sha'anin laifi, Kuliya Manta Sabo, a kotu yake, alƙali ne a tsakiya. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, soyayya da zaman aure ne suka ɗauki kaso mafi girma, kuma muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka yi a jaridu a shekarun 1990 a kansu ta fi tsayawa.

A kwatanta da Zanzibar, inda Muhammed Said Abdulla ya fito da Bwana Msa a Mzimu wa Watu wa Kale a 1960, ya riƙe shi har littafi na shida a 1984. Al'ummar Musulmi ce ita ma, mai alƙalai da kunya da rufin asiri, ga shi kuwa mai bincike ya zauna daram. Dabarar marubucin ita ce ya mai da shi dattijo mai lofe, mai karatu, wanda ake zuwa wa don shawara, yawanci a kan rikicin gado da dangantaka. A Yarbanci Oladejo Okediji ya yi Lapade a Aja Lo Leru a 1969, tsohon ɗan sanda da ya ajiye aiki ya ci gaba da farautar miyagu, Kola Akinlade kuma ya yi Akin Olusina daga 1971. Misalin Zanzibar ya isa ya nuna cewa addini bai rufe ƙofa ba. Suratu Yusuf ma tana ɗauke da hukuncin da aka gina a kan alama, wato rigar da aka yage ta baya, kuma Ibn Farhun, malamin Malikiyya na ƙarni na 14, ya keɓe wuri a Tabsiratul Hukkam don hukunci da alamomi.

Mu kuwa a Adar muna da wanda ya fi Bwana Msa kusa da asalin sana'ar. In an saci raƙumi ko sa tsakanin Ibohamane da Azawak, mai dabbar yakan nemi mai bin sawu, sau da yawa Buzu ko Bafillace, ya yi masa alkawarin lada. Mutumin zai duƙa ya duba ƙasa, ya faɗi ko dabbar tana ɗauke da kaya, ko tana ɗingishi, ko mutum nawa ke tare da ita, ko da dare suka wuce. Ba hukuma ce ta sa shi ba, mai kaya ne ya sa shi, kuma ba wanda ke kiransa munafuki, domin ƙasa yake karantawa, ba ya laɓe a bayan danga. Masana tarihin adabi sun daɗe da mai da asalin dabarar Dupin da Holmes ga Zadig na Voltaire, na 1747, shi kuma ga tsohon labarin Gabas na ƴaƴan sarki uku da suka siffanta ɓataccen raƙumi daga sawunsa ba tare da sun gan shi ba. Carlo Ginzburg ya bi wannan zare a 1979 har zuwa ga mafarauta. Abin da ɗan Keita ya saya a tasha da Faransanci, kakansa yana yin sa a bakin rijiya.

6. Abin da nahawu ya tanada

Saura tambayar ko harshen kansa zai ɗauki irin wannan labari, tunda wasu abokan aiki sukan ce Hausa ba ta iya ɓoye mai aiki. Hujjarsu ita ce jinsi: wakilin suna da ke gaban aikatau yana tilasta a zaɓi ya ko ta, ka ko ki, don haka da marubuci ya ce "ta buɗe ƙofa" ya riga ya zubar da rabin waɗanda ake zargi. Haka ne, amma Hausa tana da jerin an, aka, ana, ake, a, za a, wanda ke cike dukan lokutan aikatau ba tare da ya nuna jinsi ko adadi ba. "An buɗe ƙofa, aka shiga, aka ɗauki abin da za a ɗauka." Ana iya jan shafi guda a haka ba tare da jumla ta yi nauyi ba, abin da on na Faransanci ba ya jurewa da nisa. A mutum na farko ma Hausa ta fi rufin asiri: "na shiga" ba ya nuna mace ko namiji, alhali je suis entrée a rubuce ya tona mai magana da harafi ɗaya, matsalar da masu fassara zuwa Faransanci suka sani sarai.

Ƙarshen labarin bincike kuma yana da ginin jumlarsa a shirye. Tambayar "wa ya kashe shi?" tana ɗaukar sigar aikatau ta dogaro, amsarta ma haka: "direban ne ya kashe shi", "su ne suka ɓoye kuɗin", "ita ce ta rubuta takardar". Ana fito da suna gaba, a bi shi da ne ko ce, aikatau ya koma suka maimakon sun. Littafin Akinlade na 1971, Ta Lo Pa Omooba, sunansa wannan tambaya ce da Yarbanci. A Hausa duk tafiyar labarin ana iya bayyana ta da sauyi ɗaya na nahawu, daga "an kashe shi" na babin farko zuwa "wane ne ya kashe shi" na babin ƙarshe, inda wane ya sami suna.

Wurin da wahala take shi ne tambayoyin da mai bincike ke yi wa mutane. Yaro ba ya tsare dattijo da tambaya, baƙo ba ya shiga cikin gida wajen matan aure, suruki ba ya kama sunan surukinsa, mace ba ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Marubucin da ya sa jaruminsa ya riƙa buga ƙofa yana jero tambayoyi kamar Burma zai rasa mai karatun Buza tun babi na biyu. Dole tambaya ta bi ta gaisuwa, ta hannun ɗan aike, ta bakin abokin wasa, wanda shi kaɗai al'ada ta yarje wa ya faɗi abin da ba a faɗa, ko ta hannun dillaliya, wadda ke shiga kowane gida da ƙullin kayanta ta fito da labarin abin da aka sayar a ɓoye da wanda ya saya.